Ƙwan Da Ya Makara

"Yau kwana nawa?" Baba Mai Tocila ya tambaya, bai ko buɗe ido ba.

Mai Kwali tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Tasowarta ke nan daga aiki, ko gidanta ba ta leƙa ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu.

"Sha takwas, Baba. Yau aka kwashe su daga injin ɗumi, aka zuba a kwandunan ƙyanƙyasa."

"To, an daina juya su ke nan," ya ce. "Ni ma Innarki ta daina juya ni, wai na yi mata nauyi."

"Ji sharri!" in ji Inna matarsa, tana matse tsumma a cikin kwano. "Da me za ka yi nauyin? Kai da fanka ma sai an rage mata gudu saboda kai?"

Gidan ƙyanƙyasar da Mai Kwali ke aiki yana can ƙarshen layinsu, bayan wata doguwar katanga. 'Yan tsakin kajin nama ake fitarwa a wurin, dubbai a kowane mako, masu kiwo su zo su kwashe su tun suna kwana ɗaya a duniya. Ita aikinta zuba su a kwali, shi ya sa sunan ya bi ta. Shi kuwa Baba shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin duhu yana haska ƙwai da tocila. Mai rai a cikinsa sai ya yi ja, jijiyoyi sun bazu kamar saiwar ciyawa, wanda babu komai kuma a ware shi gefe. Ga injuna masu lambobi da ƙararrawa, amma Baba bai taɓa yarda da su ɗari bisa ɗari ba. Sai ya ɗauki ƙwai ya ɗora a fatar idonsa, ya yi jim, sannan ya ce zafin ya yi ko bai yi ba. Abin haushin, bai taɓa kuskure ba.

Ranar da ya jera zubi na ƙarshe da hannunsa, ranar ya yanke jiki ya faɗi a bakin inji. Likita ya ce zuciya ta gaji, a kai shi gida ya huta. Tun daga nan ba ya tambayar ranar mako, kwanan ƙwan nan kawai yake bi.

"Matso nan, 'yata," ya ce. Ta durƙusa kusa da katifar. "Kin san duk shekarun nan ban taɓa ganin fitowar ko ɗaya ba?"

"Haba Baba! Kai da tsakin da suka bi ta hannunka sun fi mutanen garin nan yawa?"

"Ina ganinsu tun suna ɗigon jini. Sai in sake ganinsu sun bushe, sun yi gashi, suna cika wa mutane kunne. Tsakanin nan fa? Ƙofa a rufe take."

Gaskiya ya faɗa. Kwana ukun ƙarshe ba a buɗe injin ƙyanƙyasa ko da wasa, don in danshi ya fita sai fatar cikin ƙwan ta bushe, ta manne wa ɗan tsako, ya mutu a ciki. Baba da kansa ya sha korar masu son leƙe daga bakin ƙofar.

"Da zan ga ɗaya," ya ce a hankali. "Guda ɗaya tak, daga fari har ƙarshe."

"Za ka gani," ta ce. Bakinta ne ya riga hankalinta, don sai da ta fito tsakar gida ta tuna doka. Babu abin da ke fita daga gidan ƙyanƙyasar sai a kwali, kuma ma'aikaci ba ya kusantar tsuntsu a waje, gudun kada ya kwaso cuta ya shigo da ita. Ta tsaya ta dafa igiyar shanya, tsoro ya kama ta. Tsoron ta yi wa mai tafiya alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Kwana na sha tara Baba ya sha ruwa kaɗan. Na ashirin ko ruwan ma ya ƙi.

Ranar kwana na ashirin da ɗaya da safe aka buɗe injin. Ɗumi ya buso, ƙurar gashi mai ruwan ɗorawa ta cika ɗakin tana yawo a cikin hasken fitila, kukan tsaki ya haɗe ya zama murya ɗaya. Hannuwanta suna zuba su a kwali su kaɗai, hankalinta yana can kan ƙwayayen da suka rage a gindin kwanduna, waɗanda ba su fashe ba, da za a juye a shara. Da aka sarara ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karawa a kunne, yadda Baba ya saba yi ana masa dariya. Shiru. Shiru. Wani ma wari. Can a kwando na ƙarshe ta ji ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa a wani gida mai nisa. A gefen ƙwan akwai 'yar huda, ƙwayar shinkafa ta fi ta girma.

"Me kike yi da wannan?"

Manaja ne a bayanta, mutumin da ko ƙuda ya shigo sai ya tambayi wanda ya ba shi izini. Ta rasa ƙaryar da za ta yi, sai ta faɗi gaskiya. Ya daɗe yana kallon ƙwan. A hannun Baba ya koyi haskawa, tun kafin ya san yadda ake ɗaura wuyan riga irin na manyan ofis.

"In kin fita da shi, kwana uku ba za ki tako nan ba. Kin san doka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya zaro hankicinsa, ya jiƙa da ruwan ɗumi, ya miƙa mata. "Naɗe shi, ki bar wajen hudar a buɗe. Kuma kada ki yi gudu."

Wannan ce ta fi wuya. Ta cusa ƙwan a cikin riga, ta tallafe shi da hannu a ƙirjinta, ta fito layi tana takawa kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Zuciyarta tana cewa ta ruga, hannunta yana cewa a hankali. Layin da take yankewa kullum cikin minti biyar ya miƙe ya ƙi ƙarewa. Tela ya gaishe ta, mai gyaran keke ya yi mata wata tsokana, duk ta ji su kamar daga ƙarƙashin ruwa. Abin da take ji sosai shi ne ƙwas, ƙwas ɗin nan, har ta kasa bambance shi da bugun zuciyarta.

Ta tarar da Inna a bakin katifa, idonta ya yi ja. Baba yana numfashi sama-sama.

"Baba, ga baƙonka."

Ya ɗaga hannu da ƙyar. Ta taya shi ya kai ƙwan fatar idonsa. Ya yi jim ɗin nan nasa.

"Zafin ya yi," ya ce. "Ashe ke ma inji ce."

Inna ta ɗauko hularsa, aka sa ƙwan a ciki da hankicin, aka ɗora a ƙirjinsa, aka tallafi kansa da filo biyu. Ta tura taga. Rana ta karkato ta sauka a fuskarsa.

Ɗan tsako dai bai san ana jiransa ba. Ya yi sara biyu, ya huta, ya sake ɗaya, ya yi barci. Tsagar tana zagaya ƙwan a hankali, numfashin Baba yana ƙara nisa da juna. Mai Kwali ta kasa daurewa, ta kai farce za ta ɓare ɓawon.

"A'a," ya ce. "Ƙyale shi. Wanda aka ɓare wa ba ya kwana. Ya san lokacinsa."

Ta janye hannu, hawaye na zubo mata. Shi kuwa ya lumshe ido a cikin ranar.

"Ja ne," ya ce, kamar mai magana cikin barci. "Ko'ina ja, ga ɗumi, ga muryoyi a waje. Ashe abin da suke gani ke nan in na haska su. Ban cuce su ba."

"Buɗe idonka, malam," in ji Inna. "Ka sa yarinya ta bar aikinta, sannan ka kwanta kana mana mafarki?"

Ya buɗe.

Tsagar ta kusa haɗuwa. Mai Kwali ta sunkuya, ta manta da kowa. Ƙwan ya motsa, ya kumbura kamar mai jan numfashi, sai wata 'yar ƙafa ta tokare daga ciki, murfin ya ɗage. Ɗan tsakon ya faɗo a jiƙe, wuya a lanƙwashe, mummuna da shi, yana haki.

"Baba, ka gani? Ya fito!"

Ta ɗago. Idanunsa a buɗe suke, suna kan hular, amma hular ta daina hawa da sauka.

Ta juya ga Inna. "Inna, na makara ko? Bai gani ba ko?"

Inna ta sa tafin hannu ta shafe masa ido a hankali, ta gyara masa wuyan riga.

"Ke tsakon kike kallo," ta ce. "Ni shi nake kallo. Ya gani."

Ba wanda ya tashi kiran maƙwabta tukuna. Ɗan tsakon ya ja jiki ya fito daga hular, ya lallaɓa har cikin tafin hannun Baba, inda akwai sauran ɗumi. Can ya lafe ya rufe ido, gashin kansa ya fara bushewa a cikin rana.