Taku Sittin na Waya

Hafizullahi ya bi wayar tun daga gindin tankin ruwa, ta haye katangar masallaci, ta ratsa kan rumbu biyu, ta shige zauren mai gari. Wayar fitila ce, jar nan ta kasuwar Sabon Birni, an ɗaure mahaɗarta da leda a wuri huɗu. Ya ƙirga taku sittin, gabansa ya faɗi.

"Wa ya cire akwatin daga jikin tanki?"

"Ni ne," in ji Illo, dattijon da gari ya ɗora wa kula da famfon. "An sace na ƙauyen Kurawa da rana tsaka, sai munka ce gara shi zamna inda ido ka ganin shi. Waya ce dai na ƙara, injiniya, ban taɓa komi ciki ba."

Waya ce dai! Hafizullahi ya ji kamar ya ɗora hannu a ka.

Shi ya haɗa akwatin nan wata biyar da suka wuce, lokacin da wata ƙungiya ta haƙa wa unguwar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Aikin ba wuya: ma'auni a cikin tanki ya gaya wa akwati ruwa ya cika, akwati ya kashe famfo. Sai dai ta wace hanya za su yi magana? Ya zauna a shagonsa na Sakkwato da zaɓi uku. SPI akwai sauri, amma wayoyinta sun yi yawa, kuma ba tsere ake ba. RS-485 ce mai jure nisa, ko bayan gari aka kai ta saƙo zai iso, amma kayanta sai an aiko daga Kano, mako uku, ƙungiyar kuwa ranar Asabar za ta zo buɗe famfo da masu ɗaukar hoto. I2C na nan cikin aljihun teburinsa, waya biyu kacal. Aibinta ɗaya, raɗa take yi: kamu biyu ko uku, in an wuce nan saƙo ya rikice. Ya ce ai akwatin a jikin tanki zai zauna, ina za shi? Bai gargaɗi kowa ba. Abin da ya fi ci masa rai, bai koya wa akwatin ya kashe famfo in saƙo ya yanke ba.

"Da kunka matsar da shi, me ya faru, Baba Illo?"

"Ai sai albarka ta sauko! Tanki shi cika shi yi ta zuba, tun hantsi har faɗuwar rana. Fulani sunka kawo shanu, mata sunka yi ta wanki. Kwana tara. Ran na goma sai tsit."

Kwana tara a tsakiyar bazara, famfo na zuƙa babu hutu har ruwan rijiya ya ja baya. Mako guda ke nan matan unguwar sun koma ɗibar ruwa a rafi, tafiyar sa'a guda cikin dajin da ko maza ba sa shiga sai da addu'a. Shekaranjiya 'yan bindiga suka kore su, Safiyatu matar Illo ta dawo ba jarka, ba takalmi.

Mai gari Na'Allah ya fito yana huci. "Na gaya ma Illo kar shi taɓa kayan Turawa. Ga shi ya ja muna."

"Ranka shi daɗe, ba laifinshi ba ne. Ni na zaɓi hanyar da ba ta kai nisa, kuma ban faɗa ba." Kunya ta rufe shi, amma ya faɗa. "Allah ya sa ina da wadda ta dace cikin jakata. Za ni gyara yanzu."

Ya duƙufa. Ya kwance jar wayar, ya ja sabuwa mai murɗaɗɗen ciki, ya sa na'urar RS-485 ɗaya a tanki, ɗaya a zaure. Direban da ya kawo shi ya leƙo sau uku yana nuna rana, don hanyar garin Isa ba ta biyuwa bayan la'asar. Gumi na ɗiga a kan allon akwatin, yana ta roƙon Allah a ransa ya sa matsalar ta tsaya a waya.

Allo ya kawo haske. Saƙo ya iso tas, babu ko gargada. Ya danna makunnin famfo, ya fita da gudu ya kafa kunne a bututun rijiya. Ya jira. Ya koma ya sake dannawa. Da ya auna wayar da ta gangara ƙasa, sai ya zauna daɓas a kan yashi. Injin famfon ya yi ta aiki ba ruwa har ya ƙone a can ƙasa, kuma ya san ƙungiyar ta tattara ta bar yankin tun watan jiya.

Mata sun fara fitowa da jarkoki, sun jeru shiru a bakin masallaci. Illo ya ɗauko sandarsa zai raka su. Ya tsaya a kan Hafizullahi.

"Injiniya, akwatin na magana yanzu?"

"Yana yi, Baba."

"Mi ya ce?"

"Ya ce babu ruwa."

Illo ya gyaɗa kai, ya gyara sandar a kafaɗa, ya wuce gaban matan.