Mai Aski a Lambun Furanni

Mai aski ba ya shiri da sanyi, kuma bai taɓa ganin abin kallo a ciyayi ba. Amma da ya ji 'yarsa tana cewa kawunta zai kai ta lambun furanni ta ɗauki hoton da za ta shiga gasar makarantarsu da shi, sai ya dire kofin shayi ya ce, "Da ni za a je."

Matarsa ta dube shi. "Ba kai ka ce mai fita da sassafe cikin sanyin nan ba shi da aikin yi ba?"

"Na canza shawara."

Kawun nan ƙanin matarsa ne, mai ɗaukar hoto a wuraren biki. Tun da ya koya wa yarinyar riƙe kyamara, ba a jin komai a gidan sai "Kawu ya ce". Da can in ta taso daga makaranta shagon ubanta take nufa, ta zauna kan benci tana cika masu jiran aski da surutu. Yanzu bencin ya huta. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata, kuma abin da yake tsoro shi ne wata rana ya waiwaya ya ga ya zama ɗan rakiya a rayuwarta.

Ɗan rakiyar kuwa ya zama tun daga ƙofar lambu. Kawun ya rataya masa jaka a kafaɗa, ya miƙa masa wani ɗan batirin kyamara na ajiya.

"Yaya, sa wannan a aljihun ƙirji. Sanyi yana shanye shi, sai da ɗumin jiki."

"Wato ni ne murhunku."

"Ai kai ne mai tumbi, Yaya."

Yarinyar ta yi dariya, irin dariyar da ya daɗe bai samu daga gare ta ba. Ya sa batirin a aljihu.

Lambun duk ya yi tsit. Bishiyoyi sun zubar da ganye, kowace da ɗan allo a gindinta mai ɗauke da sunan da harshe ba ya iya juyawa. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Su biyun suna gaba, kai a haɗe, suna leƙa bayan kyamara suna ƙus-ƙus. Shi yana baya da jaka.

Can kusa da wani dogon ɗakin gilashi da ake ajiye tsirran da ba sa jure sanyi, yarinyar ta tsaya cak.

"Kawu! Zo ka gani!"

Ba ta ce Baba ba. Duk da haka ya matso. Wani ɗan itace ne mai ƙaya, fure ɗaya jal ya rage a jikinsa, ja, ya sunkuyar da kai, gefen ganyayyakinsa sun ƙone sun yi baƙi. Gizo-gizo ya yi saƙa daga furen zuwa reshe, raɓa ta daskare a kan zaren. Kawun ya durƙusa ya ɗauki hoto sau ɗaya don ya nuna mata inda za ta tsaya.

"Kin samu, 'yar gidana. Amma mu jira rana ta haye rufin can ta taɓa shi."

Ta ɗaga kyamara, yatsunta suna rawa don sanyi. Kafin uban ya buɗe baki, kawun ya cire safar hannunsa ya zura mata. Mai aski ya dubi nasa hannuwan. Ko tunanin safar hannu bai yi ba.

"Mu shiga ciki ki ji ɗumi," in ji kawun. "Yaya, tsaya mana nan, kada kowa ya taɓa."

Suka bar shi da kyamara da jaka, kamar maigadi. Ta cikin gilashi yana hango su tsakanin manyan ganyaye, kawun yana nuna wani abu, ita tana gyaɗa kai.

Ya juyo ya dubi furen. Shekara da shekaru yana gyara kan mutane, bai taɓa barin wani ya tashi daga kujerarsa da gashi ko ɗaya a karkace ba. Yaya za a ce 'yarsa ta kai wannan buzu-buzun gasa? Wannan dai kawun bai lura ba, kuma nan ne shi zai yi amfani. Ya zaro ɗan almakashin da ba ya rabo da aljihunsa. A hankali ya datse baƙin gefen, ya daidaita. Ya sa hankici ya share yanar gizo-gizon tas, ya kaɗe reshen kamar yadda yake kaɗe wuyan wanda ya gama yi wa aski. Ya ja da baya ya duba. Fes.

Rana na taɓa wurin suka fito.

"Uwata, zo ki ga aiki."

Ta tsaya. Ta dubi furen, ta dubi hankicin.

"Baba, ina yanar?"

"Dattin? Na share miki."

"Ita ce hoton, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ita nake jira rana ta haska."

Kawun ya toshe baki, kafaɗunsa suna girgiza. "Yaya, har fure ma bai tsira daga aski ba? Saura turare da hoda."

Ba wanda ya taya shi dariya. Idon yarinyar ya cika da ƙwalla. Mai aski ya rasa inda zai sa almakashin.

Kawun ya gyara murya, ya nuna mata bayan kyamara. "Share hawayenki. Ga wanda na ɗauka ɗazu, ki kai shi."

Mai aski ya mayar da almakashin aljihu. Shi ya ɓata, kawu ya gyara, an gama da shi ke nan.

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta girgiza kai. "Wannan naka ne, Kawu. Nawa nake so."

"To akwai wata yanar a jikin shingen can, amma rana ta narkar da raɓar. Sai gobe da sassafe, ni kuma gobe ina da biki."

Sai a lokacin ta juyo ta kalli ubanta sosai. Gobe ce ranar da shagonsa ya fi cika, ta kuma sani.

"Zan kawo ki," ya ce, kafin ta tambaya.

"Almakashi a gida."

"A gida."

"Hannu kuma a aljihu."

"To in hancina ya yi ƙaiƙayi fa?"

Ta ɗan murmusa, ta goge ido da safar hannun kawunta.

Kawun ya ce kyamarar ta kwana a wurinta. Mai aski ya kai hannu zai ciro batirin, kawun ya ce, "Bar shi, Yaya. Gobe ma kai ne murhu."

A hanyar fita su biyun suka sake yin gaba, tana tambayar kawun yadda za ta tsaya da inda rana za ta ɓullo. Mai aski yana biye, ya dafe aljihun ƙirjinsa, ya kasa kunne yana haddace duk abin da kawun ya faɗa. A ransa kuwa yana laluben shagon da zai samu safar hannu kafin yamma, mai kauri, wadda ta fi ta kawun.