Bututun da ke Ƙarƙashin Tagar Hadda

A layinmu na garin Satif babu wanda bai san gidan marigayi Bulkasim ba, saboda faɗan da ake yi a cikinsa. Ƙasa shagon ɗansa Rabah ne, inda yake haɗa tagogi da ƙofofin alminiyom. A sama kuma Hadda ce, matar yayan Rabah, wadda ta ƙi tashi bayan rasuwar mijinta, shi ma Rabah ya ƙi daina cewa benen na ubansa ne. Ni kuwa Si Taiyib ake ce mini, wato Malam Taiyib; kantina yana fuskantarsu, don haka duk abin da ya fito daga bakinsu sai ya biyo ta kunnena.

Sanyin wannan shekarar ya zo da wuri, dusar ƙanƙara ta kwanta a layi ta ƙi narkewa. Yatsun Rabah suka fara tsagewa a jikin ƙarfe. Ya je ya sayo hita mai gas, ta hannu, irin wadda ake ratayawa a silin, mai fanka a baya. Ya kira Ammi Farhat, wato Baffa Farhat, tsohon da ke yi wa unguwa aikin bututun gas.

Farhat ya zagaya shagon yana ƙwanƙwasa bango. Ya ce, "A jikin ƙarfen silin za a ɗaure ta, nesa da jarkokin fentin can. Ƙofar nan a fasa mata mashigar iska. Hayaƙin kuma sai ya bi bango ya wuce rufin bene."

Rabah ya ɓata rai. "Ta farfajiyar waccan matar ke nan."

"Ta nan bangon ya bi. Ni na gina muku gidan?"

Ashe Hadda tana taga tana ji. Ta leƙo da garin alkama a hannu, ta ce, "Ammi Farhat, ina ganin girmanka. Amma wallahi ko ƙusa ɗaya aka buga a bangona sai na yi wa mai bugawa wanka da tafasasshen ruwa."

Rabah ya fito tsakiyar layi ya ɗaga kai. "Bangonki? Da shi kika zo daga ƙauyenku, matar yaya?"

"Na zo da abin da ba ka da shi, Si Rabah. Kunya."

Ya koma ciki yana huci, ya ce wa Farhat a fitar da gajeren bututu ta bango kawai, a bar rufin bene. Tsohon ya dubi inda ya nuna, daidai ƙarƙashin tagar kicin ɗin Hadda, ya fara tattara kayansa.

"In kashe juna kuke so ku yi, ku nemi wani. Ni ina da jikoki."

Rabah ya yi aikin da kansa. Ya kira 'yan dako suka ɗaga masa hitar, ya rataye ta da sarƙa, ya huda bango ya zura bututun. Ƙofa kuwa bai fasa ba, ya ce shi ɗumi ya saya, ba iska ba. Da ya kunna, ya zo kantina yana murza hannu, ya ce in shiga in ji yadda mutane suke rayuwa.

Ba a jima ba Hadda ta fara zuwa sayen maganin ciwon kai. Duk sanda iska ta juya, sai hayaƙin bututun ya shiga kicin ɗinta. Ta rufe taga, ya bi ta tsagar katako. Ta yi masa magana daga sama, ya ƙara wa rediyonsa murya. Ta jefo masa ɓawon lemo, ya share ya tara mata a bakin matakala.

Wata safiya ta jiƙa tsohon buhu, ta leƙa ta taga, ta cusa shi cikin bututun da sandar tsintsiya har ya ɓace. Ni ban gani ba, ita ta faɗa daga baya da bakinta. Ta ce so take hayaƙin ya koro shi waje yana tari, ya ɗanɗani abin da take sha. Ta zauna a taga tana jiransa da maganganun da ta tanada.

Bai fito ba. Ƙofar shagon a sauke take saboda sanyi. Wajen azahar zarto ya yi shiru, rediyo kaɗai ke ta waƙa. Sai ga Hadda ta sauko ba ko takalmi, ta doki ƙofar ƙarfen da tafin hannu.

"Rabah! Buɗe, ɗan rainin wayo!"

Shiru. Ta juyo wajena, fuskarta ta sauya. "Si Taiyib, zo ka ɗaga mini wannan abin."

Muka ɗaga tare. Yana kwance kusa da zarto, ya yi amai a rigarsa. Na ruga waje na kashe gas daga mita, muka ja shi da ƙafa har kan ƙanƙara. Hadda ta durƙusa tana marinsa.

"Tashi, munafuki! Ba a ƙarƙashin ɗakina za ka mutu ba, a ce ni ce!"

'Yan kwana-kwana suka zo suka sa masa robar numfashi a hanci, suka ɗauke shi. Babbansu ya tsaya yana duba wurin. Ya zura ƙarfe a bututun, ya zaro buhun, baƙi ƙirin, ya ɗaga shi a gaban duk mutanen layi.

"Na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Hadda. "Ka kuma tambayi wanda ya kafa bututun a nan."

A asibiti aka tambayi Rabah ko zai kai ƙara. Ya ce iska ce ta kaɗo buhun. Wasu suka ce Allah Ya sanyaya masa zuciya. Da na je duba shi na faɗa masa haka, ya yi tsaki.

"Sanyi? In na kai ta, za a tambayi wa ya rataye hitar, a garƙame mini shago. Ta sani, na sani."

Hadda ba ta je dubiya ba, ko kwanon miyar shorba ba ta aika ba. Ranar da aka sallamo shi tana taga. Ta ce, "Sannu, Si Rabah. Ashe da sauran kwananka."

Ya ce, "Ki ƙara ƙoƙari, matar yaya."

Dattawan masallaci ne suka tilasta musu a gyara aikin. Farhat ya dawo bai gaida kowa ba. Ya sauke hitar, ya gano wanda ya sayar da ita ya cire abin da ke kashe ta in hayaƙi ya toshe. Ya sa sabo, ya ɗaure ta da noti a ƙarfen silin, ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗar gas yana kallo, ya fasa ƙofa. Bututun ya hau ta farfajiyar Hadda, tana tsaye a kansa tana tsine wa kowace ƙusa.

Amma Rabah bai koma daidai ba. Kansa yakan ɗauke, hannunsa na rawa. Sai ya auna taga ya manta awon kafin ya isa wajen zarto. Masu ba shi aiki suka ja da baya. Kafin zafi ya shigo ya yanke shawarar ba da shagon haya.

Mutane da dama sun nema, har da mai sayar da magani da wani tela mai natsuwa. Duk ya ƙi. Ya yi ta bincike har ya samo mai buga jikin mota, wani ƙato wai shi Zubair, wanda guduma ta riga ta cinye masa kunne. Ranar da Zubair ya fara aiki, Rabah ya ja kujera a ƙofar kantina ya ce in kawo masa gahawa. Guduma ta sauka, tagogin bene suka amsa. Hadda ta leƙo tana zazzaga masifa, Zubair ya ɗaga kai, ya yi mata murmushi, ya ce, "Lafiya lau, Hajja, na gode," ya ci gaba da dukansa.