Rijiyar da Ba Ta Fito a Hoto Ba

"Zuwana na uku ke nan ofishin nan, ranka ya daɗe, kullum sai a ce in dawo gobe. Ni ba zaman banza nake yi ba, wanki na baro a jiƙe."

Abin da na faɗa wa jami'in muhalli ke nan tun kafin in zauna. Yaro ne ma, bai fi sa'an babban ɗana ba. Ya ɗago kai ya ce, "Yi haƙuri Mama, me ya faru?"

Wai me ya faru! Satin da ya wuce muka wayi gari an kafa allo a filin bayan gidajenmu, wai nan za a mai da bolar unguwa. Taku goma ne tsakanin allon da rijiyar da muke sha. 'Ya'yana biyar da ruwanta na raine su.

Ya juyo min da kwamfuta. "Mama, ba da ka muka yi ba. Wannan hoto ne daga sama, tauraron ɗan Adam ya ɗauka. Mun auna nisan gidaje, mun duba inda iska ke kaɗawa. Duk inda ruwa yake shuɗi yake fitowa. Kin ga shuɗi a nan?"

Na gyara mayafi na matso. Karatuna bai yi nisa ba, amma na gane rufin gidana, har kwanon da ya yi tsatsa.

"Wannan dunƙulen koren fa?"

"Bishiya ce."

"To rijiyar tana ƙarƙashinta! Surukina, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa mangwaron don kada rana ta dinga dukan masu ɗiba. Tauraron naku sunkuyawa ya yi ya leƙa?"

Sakatariyarsa ta toshe baki da takarda tana dariya. Ni kuwa ko murmushi.

"Ai mun bi gida arba'in da takardar tambayoyi," in ji shi. "Babu wanda ya ambaci rijiya."

"Wa kuka tambaya?"

"Masu gida."

Innalillahi! Baban yara mutumin kirki ne, Allah ya ƙara masa lafiya, amma shi a buta yake ganin ruwa. Ai ya ba ni labari: tambayarsa aka yi ko muna da famfo, ya ce muna da shi. Bai yi ƙarya ba. Kan famfon yana nan, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, rabonsa da ɗigo tun ina goyon auta.

"Haba ɗan nan! Mai jan guga ake tambaya, ba mai jiran alwala ba."

Ya sosa ƙeya. "An riga an sa hannu, Mama. Litinin motoci za su fara juye shara. Sai dai ki rubuto ƙorafi, kwamiti zai zauna wata mai zuwa."

"Wata mai zuwa damina ta sauka, ruwan bola ya gangara ciki. Kwamitin ne zai zo min jinyar yara?"

Na buɗe jaka na ciro gorar da na cika da ruwan rijiyar da safe, na dire masa kan tebur kusa da kwamfutar. Garai-garai, kana hango yatsanka ta ciki.

"Ga shuɗin da kake nema."

Ya dubi gorar, ya dubi hoton, ya dubi agogon bango.

Na ce, "Ba nisa, kafin azahar ka dawo kujerarka. Don girman Allah tashi mu je ka leƙa da idonka. Za ka zo?"