Farar Filasta a Hannun Inna

Ba wani babban ciwo ne ya kai Inna asibiti ba. Amai da gudawa ne suka ƙarar da ruwan jikinta, har ƙodarta ta ɗan taɓu. Likita ya ce in an yi mako ana ƙara mata ruwa, za ta koma gida da ƙafarta. Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta rufe shagon ɗinkinta ta zo zaman jinya.

Ranar farko aka zo sanya kanula, 'yar robar nan da ake bari a cikin jijiya domin ƙarin ruwa da magani. Jijiyoyin Inna suka ɓuya. Sau biyar nas ɗin da ake kira Sista Doguwa tana sokawa tana zarewa.

“Ke 'yar nan,” in ji Inna, hawaye na bin kuncinta, “allura aka aiko ki yi, ko haƙar rijiya?”

“Inna, jijiyoyinki ne suka fi ni wayo.”

A karo na shida aka dace, a bayan hannun hagu. Sista Doguwa ta manne wurin da filasta, ta yi ɗan rubutu da biro a kai, ta wuce gado na gaba.

Auta mace ce da ba ta iya kallon ƙazanta. Kafin kwana biyu filastar ta yi dauɗa, gefenta ya ɗage saboda gumi da ruwan wanke jiki. Sai ta sayo naɗi guda a kantin magani na bakin ƙofa. Kowace safiya, bayan ta goge wa Inna jiki, takan ɓare tsohuwar a hankali, ta share gefen robar da bakin tawul ɗin, ta yanko sabuwa da almakashinta na ɗinki, ta manna daidai wa daida.

“Har hannun nawa kin yi wa kalmasa,” in ji Inna.

Gado arba'in ne a ɗakin, nas biyu ke kansu. Ƙa'idarsu ita ce su dubi kwanan watan da ke kan filasta. In roba ta cika kwana uku, sai a cire a sauya wuri, tun kafin ƙwayoyin cuta su bi ta nan su shiga jini. Auta ba ta san haka ba sai rana ta huɗu, lokacin da wata nas mai tabarau ta zo tana sauya ta maƙwabciyarsu, tana yi tana bayani. Da ta gama, ta leƙo hannun Inna.

“Wannan sabuwa ce. Masu aikin safe sun manta rubutu.”

Ta zaro biro ta rubuta kwanan watan ranar. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji yatsun Inna sun matse mata cinya.

“Kada ki bari su sake haƙa ni,” in ji Inna ƙasa-ƙasa.

Auta ta tuna sukar nan shida, ta haɗiye maganarta. Washegari ma ta sauya filastar, domin ta riga ta saba.

A rana ta bakwai, da tsakar rana, Inna ta kama rawar sanyi har gadon yana ƙara. Bargo biyu bai yi mata komai ba. Sista Doguwa, wadda ta dawo daga hutu a ranar, ta ɓare filastar. Wurin ya yi ja, ya kumbura, mugunya na tsattsafowa daga gindin robar. Ta daɗe tana kallonsa.

“Wannan ai robar da na sa ce tun ranar farko. Wa ke sauya filastar?”

“Ni ce,” in ji Auta.

Sista Doguwa ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Mu ma ya kamata mu ɗaga mu duba.” Ta cire robar, ta aika a kira likita.

Aka ɗebi jini, aka ce cuta ta shiga cikinsa. Sau tara aka soki Inna kafin a sami wata jijiyar da za a sa magani mai ƙarfi. Wannan karon ba ta yi wa kowa ba'a ba, domin ba ta ma san ana yi ba. Auta ta riƙe ƙafafunta masu sanyi tana murzawa. Yaya, babban ɗan Inna, ya iso ya tsaya a baranda yana zagin asibiti da ma'aikatansa. 

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, aka ja labule aka zagaye gadon. Inna ta rasu.

Auta tana haɗa kaya, kofi da tawul da silifas ɗin Inna, sai hannunta ya taɓo almakashi da ragowar naɗin filastar a ƙasan jaka. Ta tsaya riƙe da su. Yaya ya dafa kafaɗarta, idanunsa jawur.

“Ke kam ba ki da abin da za ki zargi kanki, Auta. Matan ɗakin nan duka sun faɗa mini, babu majinyacin da hannunsa ya kai na Inna tsafta.”

Ta mayar da naɗin cikin jaka, ta ja zif. A gadon da ke kusa, nas mai tabarau tana rubuta kwanan wata a hannun wata tsohuwa da aka kawo da safen nan.