Jirgi Biyu a Layin Kagoro

Gilbert Dogara ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin sigina na tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Da ya yi ritaya a watan Janairu na 1977, aka ba shi agogon bango da wata takarda mai layi huɗu. Layi na uku ya ce a duk tsawon aikinsa jirgi biyu ba su taɓa haɗuwa a kan dogo ɗaya ba. Agogon ya tsaya bayan wata biyu. Takardar kuwa ya sa mata gilashi, ya rataye ta a falo, sama da rediyo.

A watan Maris ɗansa Rufus ya aiko wa jikoki da jirgin wasa daga Legas: inji ɗaya mai makulli a gefe, wanda ake murɗawa ya yi gudu, da tarago uku, da zagayayyen layi da bai fi faɗin tabarmar yaro ba. Gilbert ya kalle shi yana zagayawa har ya tsaya. Ya ce wannan ba jirgi ba ne, kare ne ke bin wutsiyarsa. Ba tasha, ba sigina, ba inda za shi. Ya yanke shawarar gina wa yaran unguwa Kafanchan ta gaske, a kan tebur.

Ya nemi taimakon Malam Ƙasimu, tsohon direban jirgin kwal, wanda ya bar aiki shekarar da aka ba shi injin dizal ya ce ba zai tuƙa abin da ba ya numfashi ba. Shekara ashirin suna zagin juna, ɗaya da usur, ɗaya da jar tuta. Ƙasimu ya yarda zai ƙera inji na biyu da sifirin ɗin wani tsohon garmaho.

Saura wuri. A bayan majami'a akwai wani ɗaki da ake ajiye karyayyun benci. Gilbert ya roƙi Fasto Meshak a ba shi. Sai dai Zumuntar Mata sun riga sun nemi ɗakin domin kekunan ɗinkinsu uku, kuma shugabar Zumuntar ita ce Magdalene, matar Gilbert. Fasto ya saurari ɓangarorin biyu, ya yi addu'a, ya yanke hukunci. Gilbert zai gina abinsa. Idan an gama, za a buɗe wa yara Asabar uku a jere. Ranar Asabar ta uku da ƙarfe goma sha biyu Fasto zai zo ya ƙirga kawuna. In yara sun kai ashirin, ɗaki ya zama na jirgi. In ba su kai ba, a fitar da tebur, kekuna su shigo.

Gilbert ya amince, ya kira Tagwai kafinta ya haɗa tebur a cikin ɗakin, ƙafa goma sha huɗu tsawo, shida faɗi. Ƙofar ɗakin ƙafa biyu da rabi ce. Tagwai ya nuna masa wannan. Gilbert ya ce ya gani, ba ya nufin fitar da shi.

Aikin ya ci wata huɗu. Dogo sun yi shi da wayoyin tsofaffin lema, waɗanda Ƙasimu ya bi kasuwa yana tsinta. Katakan ƙarƙashin dogo na gwangwala ne, dubu ɗaya da ɗari biyu, kowanne Gilbert ya auna shi da tsinken ashana. Taragai na gwangwanin kifi ne. Wasu aka cika su da busasshiyar citta a cikin ƙananan buhuna, waɗanda Magdalene ta ɗinka. Dutsen Kagoro an gina shi da ƙasar suri, aka yi wata 'yar gada tsakaninsa da tasha. Layuka uku suka fita daga tasha kamar yadda suke: na Kaduna ta Zonkwa, na kudu zuwa Fatakwal, da na Jos ta Kagoro.

A kan layin Kagoro suka yi gardama mafi tsawo. Ƙasimu ya so a yi dogo biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa.

"Ka taɓa ganin dogo biyu a can?" in ji Gilbert.

"Mai Sigina, wasa ne fa."

"Direba, kai ne wasa. Dogo ɗaya, sanda ɗaya."

Sandar ita ce doka. A layin da jirgi mai zuwa da mai dawowa ke bin dogo ɗaya, direba ba ya shiga sai yana riƙe da sandar wannan layi a hannunsa, kuma sandar guda ɗaya ce tak. Wanda ba shi da ita ya jira. Gilbert ya yi tasa da hannun cokalin tagulla, ya rubuta KAGORO a jiki da ƙusa. Ya kuma sayi babban littafi domin rubuta shigar kowane jirgi da fitarsa.

Asabar ta farko yara arba'in da shida suka zo. Gilbert ya sa tsohuwar hularsa ta aiki. Ƙarfe goma daidai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya zagaya tebur zuwa Kagoro, ya amsa wa kansa sau biyu, ya dawo. Ya rubuta a littafi. Ya ɗaga sigina, ya miƙa wa Ƙasimu sanda, Ƙasimu ya sa hannu ya karɓa. Duk wannan ya ɗauki minti goma sha huɗu. Ƙasimu ya murɗa makulli ya saki, jirgi ya isa Kagoro cikin daƙiƙa arba'in. Yara suka yi tafi.

Sannan aka zauna.

"Baba Sigina, me ake jira?" Mai tambayar Hellen ce, 'yar malamin makaranta, shekararta tara.

"Jirgin Fatakwal."

"Ga shi can a kan tebur."

"Bai iso ba tukuna. Ya makara."

"Waye ya makarar da shi?"

"Ba kowa. Tun da nake aiki bai taɓa zuwa kan lokaci ba. Ba zan koya muku ƙarya a bayan majami'a ba."

Jirgin Fatakwal ya makara da minti hamsin, wanda a ganin Gilbert sassauci ne. Kafin ya iso saura yara tara a ɗakin, biyu daga cikinsu suna barci.

Asabar ta biyu goma sha ɗaya suka zo. Magdalene ma ta zo, da tef ɗin awo a wuyanta. Ta gaishe da Malam Ƙasimu da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta fara auna bango.

"Maman Rufus, muna kan aiki."

"Ni ma, Baban Rufus. Ɗaga ƙafarka."

Da aka tashi, Hellen ta tsaya. Ta ce ita ba ta da matsala da jirgin, amma sauran yara sun aiko ta. Suna so su ga abin da zai faru in an saki ɗaya daga Kafanchan, ɗaya daga Kagoro, lokaci guda.

"Ba zai faru ba," in ji Gilbert. "Sanda ɗaya ce."

"To a yi biyu mana."

Gilbert ya cire tabarau ya kalle ta kamar ta yi saɓo. Ƙasimu ya yi gyaran murya.

"Gaskiya, Mai Sigina, ni ma shekara ashirin da takwas ina tuƙi ina tunanin yadda abin zai kasance. Ban dai so in gani daga ciki ba."

"Kai dama direba ne. Ba a tsammanin hankali."

"Yaran sun ce in za a yi, duk za su zo," in ji Hellen. "Har 'yan Katolika."

Gilbert ya rufe littafi ya ce a fita zai kulle ƙofa.

Cikin makon ya gwada abin da doka ta yarda da shi. Ya rage makarar jirgin Fatakwal zuwa minti ashirin. Ya yi wa Zonkwa sabon fenti. Ya sa auduga a bakin bututun inji don ta yi kama da hayaƙi. Ya bi gida-gida yana sanar da iyaye, su kuma suka yi masa alkawari irin wanda ake yi wa dattijo.

Asabar ta uku, ƙarfe goma sha ɗaya, yara goma sha uku ne a kan benci, huɗu cikinsu jikokinsa ne da ba su da zaɓi. A waje Tagwai kafinta na zaune a gindin mangwaro yana wasa zarto. Fasto ne ya ce ya kasance kusa. Ƙarar zarton na shigowa ta taga. Magdalene na bakin ƙofa da tef ɗinta.

Gilbert ya duba agogon hannunsa, ya duba tebur tun daga Fatakwal har Kagoro. Sannan ya buɗe littafi.

"Doka ta ce mai sigina na iya barin aiki in ya miƙa wa wani, aka sa hannu. Abin da ya faru bayan haka, yana kan wanda ya karɓa."

"Kawo in sa," in ji Ƙasimu.

"Direba ba ya riƙe sigina. Kai ma ka sani."

Ya duba ɗakin. Babba ɗaya ne ya rage.

"Maman Rufus."

"Me?"

"Zan sha iska na minti ashirin. Ina neman wanda zai karɓi aiki."

Magdalene ta san lissafin kamar yadda ya sani. In ta ƙi, nan da awa ɗaya ɗakin nata ne. Ta kalli zarton ta taga, ta kalli mijinta, ta kalli ƙananan buhunan cittar da ta ɗinka.

"Shekara talatin da ɗaya ina kai maka tuwo ɗakin sigina," ta ce. "Ko tuta ba ka taɓa barina na riƙe ba. Kawo biro. Da hular."

An rubuta: 11.05, G. Dogara ya miƙa aiki ga M. Dogara. Gilbert ya fita kansa ba hula, ya zauna kusa da Tagwai, ya juya wa taga baya.

Hellen ta riga shi fita. Ana jin muryarta har bakin kasuwa: "Za a yi karo! Za a yi karo!" Cikin minti goma yara suka fara kwararowa, wasu da tallan gyaɗa a ka, wata da ƙaninta a goye. 'Yan Katolika sun zo, haka ma yaran layin su Ƙasimu.

A ciki Magdalene ta tsaya a wurin mijinta, hula ta rufe mata kunnuwa. Ba ta kaɗa ƙararrawa ba. Ta ba Ƙasimu sandar tagulla. Sannan ta zare cokalin shayi daga jakarta, ta ce wannan ma sanda ce daga yau, ta ba Hellen. Ƙasimu ya murɗa injin garmaho a Kafanchan har ya ƙi murɗuwa. Hellen ta murɗa na Legas a Kagoro, da taragan citta shida a bayansa.

"Ku saki," in ji Magdalene.

Sun haɗu a kwanar gindin dutse da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyu. Injin Legas ya hau kan na garmaho, ya kwanta a gefe ƙafafunsa na juyawa. Taragai huɗu suka kife. Citta ta watsu har Zonkwa, wani ɓangare na dutsen Kagoro ya zube a kan dogo. Ihun da aka yi ya sa kajin gidan Fasto tashi sama.

A gindin mangwaro Tagwai ya daina wasa zarto.

"Baba, ka ji?"

"Ban ji komai ba. Ba na kan aiki." Bayan ɗan lokaci, ba tare da ya juya ba, ya ƙara da cewa, "Wanne ya faɗi?"

"Na Legas."

"Na sani. Ba shi da nauyi."

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyar ya koma ciki. Ya karɓi hula, ya sa hannu a littafi, sannan ya dubi ɓarnar kamar yanzu ya samu labari. Ya ba da umarni kada kowa ya taɓa komai. Ya buɗe bincike nan take. Ya auna nisan da kowane tarago ya faɗa, ya kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya faɗi abin da ya gani, kuma babu biyu da suka faɗi abu ɗaya. Ga mamakinsa ba wanda ya fita. Ƙasimu ya raba yara ƙungiya biyu, masu ɗaga inji da masu kwashe citta.

A cikin wannan hali Fasto Meshak ya iso. Bai samu hanyar shiga ba, ya ƙirga ta taga. Ya kai hamsin da takwas ya daina. Ya ce wa Tagwai ya tafi gida.

Binciken ya ɗora laifi a kan mai siginar da ke kan aiki, M. Dogara, saboda bayar da sanda biyu a layi mai sanda ɗaya. An dakatar da ita na kwana shida. Da aka tambaye ta ko tana da abin cewa, ta ce mako mai zuwa a ƙara wa jirgin citta tarago biyu, kuma a saki na Kagoro da ɗan wuri, don su haɗu a kan gada.

Ranar Litinin Zumuntar Mata suka kai kekunan ɗinkinsu uku falon Gilbert. Ba a nemi izninsa ba. An matsar da rediyo, an jera su a jikin bango, ƙarƙashin takardar nan mai gilashi. Talata da Alhamis mata goma sha biyu ke ɗinki a wurin suna rera waƙoƙin Zumunta, shi kuma yana karanta jarida a baranda.

Littafin ɗakin jirgi ya nuna cewa daga ranar, kowace Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar, G. Dogara na miƙa aiki na minti ashirin. Zuwa Kirsimetin shekarar an rubuta karo goma sha tara a layin Kagoro. Babu ko ɗaya a ƙarƙashin sunansa.