Sai Kumburi Ya Sauka

Ranar wata Talata aka yi wa matarsa aikin hanci. Shekarunta hamsin da biyu, talatin daga ciki a gidansa ta yi su.

Hancin ya karkace ne tun tana ƙarama, da ta faɗo daga kan keke. Shi kuwa mai gyaran rubutu ne a maɗaba'a, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farautar kuskuren mutane da jan biro, don haka tun makon farko na aurensu ya raɗa mata suna Waƙafi, saboda lanƙwasar hancin. Ta yi dariya. Shekara talatin tana wannan dariyar, amma duk tulin littattafan da ya karanta ba su sa ya lura cewa da hannu a kan hanci take yin ta ba.

Ta ce masa don numfashi za a yi aikin. Ya yarda, don yardar ta fi masa sauƙi.

Ta dawo gida da filasta a fuska, ƙasan idanunta ya yi baƙi kamar wadda aka daka. Likita ya kafa dokoki: kada ta face hanci, ta riƙa kwana a kan filo uku, kada tabarau ya hau fuskarta sai bayan mako shida. Ta ƙarshen ce ta fi ƙona mata rai, don in babu tabarau inuwa kawai take gani a madubi. Sai mijin ya zama madubinta.

Kullum da safe yakan tsoma auduga a ruwan gishiri ya goge mata ɗinkin da ke tsakanin ƙofofin hancin.

"Malam, me ka gani?"

"Tumatir."

"Allah ya shirye ka. Da gaske nake."

"Likita ya ce shekara guda kafin kumburi ya gama sauka. Ni kuwa ba na sa hannu a shafin da ba a gama ba."

Ranar da ta mayar da tabarau ta daɗe a banɗaki. Tabon ya yi ja, ya yi tauri, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, kan hancin kuma in ta taɓa ba ta jin komai, kamar na aro. Ta fito idanunta jajur.

"Na ɓata abin da Allah ya ba ni, ko?"

Ya juya shafin jarida. "Saura wata goma."

'Yarsu ta kira shi a waya. "Baba, ka ce mata ta yi kyau mana. Me zai ragu a jikinka?"

"Ke ma kin zama likita?" Ya kashe wayar.

Ba wai hancin bai yi ba ne. Kullum ƙara miƙewa yake, shi kuma kullum yana ganin baƙuwa tana zuba masa shayi. Ya san hannunsa na cikin wannan yankan fiye da na likitan, ya kuma tanadi abin da zai faɗa mata. Har ya zagaye ranar da aikin zai cika shekara a kalanda da jan biro, don ya fi son magana ta fita babu gyara.

A wata na bakwai ta faɗi da hantsi tana shanya kaya, ba ta sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce, babu ruwan hanci. Ya so a ce hancin ne, da ko ba komai ya sami wanda zai tsana ban da kansa.

Da aka buɗe masa fuskarta ya gani na ƙarshe, kumburin ya sauka. Hanci ɗoɗar, tabon ya koma kamar farin zare. Aiki ya yi kyau, babu inda jan biro zai taɓa.

Kalandar na nan a bango, ba a sauya ta ba. Da safe yakan tsaya a gabanta da kofin shayi, ya faɗa wa jan da'irar abin da ya ajiye.

"Waƙafi, wasa nake yi. Ni wancan hancin na da nake so."